Kaji a Bakin Ruwan Yawuri

Inna ta yi doguwar jinya a gidana a Zariya. Ciwon ya lafa, amma ya tafi da cin abincinta. Duk abin da na kai mata sai ta taɓa, ta ture kwanon, ta sa mini albarka. Likita ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai, ni kuma ina kallon zobenta yana yawo a yatsa. Wata rana ina shafa mata man zafi a ƙafa sai ta ce, kamar mai magana da kanta, da za ta samu miyar ɗanyen ƙurungu irin ta gidansu, da tuwon shinkafa mai laushi, da ta ci har ta suɗe hannu.

Ƙurungu ɗan kifi ne mai ƙaya a baya, ba shi da wani kyan gani. Na nemo busasshe a kasuwa na dafa, ta shinshina ta ce wannan ai kirare ne. Sai na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa, na ɗauki hayar mota da direba, muka kama hanyar Kontagora zuwa Yelwa ta ƙasar Yawuri, garin da aka haife ta, inda rabonta da shi an jima saboda jiki da kuma halin da hanya ke ciki. Muna kusantar gari harshenta ya fara juyawa. Kifi ya koma kihi, lafiya ta koma lahiya. Na yi murna, na ce a raina rabin magani ya samu.

Kawu, ƙanen Inna da ke bin ta, shi ya tarbe mu a ƙofar gida. Mutum ne mai faɗin murya da faɗin zuciya, irin wanda in yana yi maka alheri ba ya jin maganarka.

"Yaya, kun zaka lahiya?" ya ce yana riƙe da ƙofar mota. "Tun da munka ji kuna tahe ba mu zamna ba."

Aka sauke mu a ɗakin baƙi da ke kusa da zaure, mai labule sabo da fanka. Ba a jima ba matarsa, wadda muke kira Iya, ta shigo da kuloli masu ƙyalli. Na buɗe da sauri. Shinkafa ce da miyar tumatir, da kaza soyayya, ta sha mai har tana walƙiya. Inna ta yaba, ta tsinki ɗan nama kamar ƙwayar gyaɗa, ta wanke hannu. Na ce ranar farko ce, gobe za a kawo kifi. Garin fa ko iska ka shaƙa kifi kake ji.

Da safe aka kawo waina da farfesun kaza. Da rana taliya da kaza. Sai da Iya ta fita na ce wa Inna bari in je in yi mata magana.

"Ki kama bakinki," in ji Inna. "Mutum shi yanka miki kaza ki ce kihi ki ka so? Mi kinka maishe shi?"

A nan ta fahimtar da ni abin da ban sani ba. A gidan da ke bakin ruwa kifi abincin kullum ne, shi ake ci in babu komai. Kaza ita ce girma, domin sai an zubar da jini saboda kai. Ƙurungu kuwa shi ne can ƙasan kifi, na miyar cikin gida, ba ya ƙetare tsakar gida zuwa ɗakin baƙi. Baƙon da ya roƙe shi ya ce ke nan kazar ba ta yi ba. Na ce to ai ita ba baƙuwa ba ce, a gidan nan aka yanke mata cibiya. Ta juya fuskarta bango, ta ce in rage mata fanka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kuma ga wani aiki da ya hau kaina: ba a mayar da kula cike. Abin da Inna ta bari ni ce mai cinyewa don kada Iya ta ji ba daɗi. Na kawo marar lafiya ta ci abinci, sai ga shi ni ce zanina ya fara matse ni.

Kawu ya tsara mana yawon ganin gari, bai tambayi kowa ba. Ya fara da bakin ruwa, da sanyin safiya. Ni ’yar tudu ce, ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba, sai ka ƙure ido kafin ka hango ɗaya gaɓar. Manyan jiragen katako masu inji suna lodin buhunan albasa da babura da mutane, ƙananan kwale-kwale kuma suna shigowa da kamun dare. Tun jirgi bai taɓa ƙasa ba mata masu sarin kifi sun shiga ruwa har gwiwa, kowace ta dafa nata. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar rumfa, ta zauna tana kiran sunayen kifi ɗaya bayan ɗaya, ga tarwaɗa, ga karfasa, wancan ragon ruwa ne. Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka tun kafin jinya.

Na faki idon Kawu na zame wajen wata mata mai faranti cike da ƙurungu, wasu har suna motsi. Dabarata ita ce in saya, in nemi inda zan dafa ko da a gidan makwabta ne. Ban gama tambaya ba sai na ji muryarsa a bayana.

"Ɗiyata, mi ki ka nema nan?" Ya dubi farantin ya yi dariya, matar ma ta taya shi. "Ƙurungu? Ki bari a ji ’yan Zariya sun sauka gidana suna sayen cimaka bakin ruwa? So ki ka yi a ce da yunwa ni ka barin ku."

Ya tasa ni gaba zuwa wajen mai tsire, ya sa aka ƙunsa mini mai zafi. Tsiren ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba, ƙuli ya kama shi sosai. Amma da haushi na ci.

Washegari Shanga. Muka bi ta fadamun shinkafa, kore shar har iyakar gani, injinan ban ruwa suna ta ƙara, mata suna turara shinkafa a manyan tukwane a gefen hanya. Wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai sanyi, Inna ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo mini. Muna da dangi a can, Kawu kuma ya riga ya buga musu waya. Tun daga ƙofar gida na ga gashin kaza a bakin kwata. Daga inda aka zaunar da mu ina hango komar kamun kifin maigidan a shanye a kan danga, tana ɗiga.

A Ngaski aka samu canji. Zabo aka yanka.

Ban san lokacin da na fara jin haushin kowace kaza da ke ƙasar Yawuri ba. In na ga tana tsallaka titi sai in ji kamar ni take jira. Kuma babu wanda zan yi wa faɗa, domin kowa ƙoƙarinsa yake yi. Wasu gidajen na san kazar nan ita ce abin da suke tattali don wata lalura, suka yanka ta saboda Inna. Ta yaya za ka yi fushi da mutumin da ya yi maka haka? Amma fushin nake yi.

Daga Ngaski Kawu ya gangara da mu Wara, ya ɗauki jirgi don Yaya ta ga ruwa da kyau. Na ce jikinta ba zai ɗauka ba, ita ta ce zai ɗauka. Muka yi nisa kaɗan, direban jirgin ya kashe inji, Kawu ya nuna wani wuri da babu komai sai ruwa, ya ce a ƙarƙashin nan garin kakanninmu yake, tun da aka datse kogi ya shanye shi. Na duba ban ga komai ba. Inna ta sa hannu a ruwan ta shafa a fuska. A gefenmu wani dattijo yana jawo koma, ƙurungu suna ta wani ɗan kuka a cikinta, ashe kuka suke yi in an fito da su. Inna ta bi shi da kallo har ya yi nisa. A wannan rana shayi kawai ta sha.

Ana gobe za mu koma, bayan la’asar, na ce ko me zai faru ya faru. Na bar Inna tana gyangyaɗi na ratsa tsakar gida zuwa madafa, inda tun zuwanmu ake tare ni da cewa baƙo ba ya shiga hayaƙi. Iya na tsugune gaban murhu. A kan wuta ga wata baƙar tukunya tana tafasa, daddawa da albasa da kifi sun cika wurin da ƙamshi. Tana ganina ta jawo faifai ta rufe.

"Iya, miyar mece ce wannan?"

"Ta yara ta," ta ce ba ta dube ni ba. "Taku na nan tahe."

Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata komai: jinyar, da maganar likita, da cewa wannan tukunyar ce ta taso mu tun daga Zariya. Na roƙe ta ta zuba mini ko ludayi ɗaya a kwanon da suke ci. Iya ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe haka na? Mi ya hana ki hwaɗi tun hwarko?" Sai kuma ta dubi tukunyar. "Amma wagga ba ta yi ba. Jagwalgwalo ta, ko mai babu. In kai ma Yaya wagga, da wane ido ni ka dubinta? Ki bari, gobe da sahe ni yi mata ta kirki."

Na nace, ta nace. Ta rantse da girman Allah ba za a kai wa yayar mijinta miyar yara ba. Na san in na ɗauka da ƙarfi na ɓata zumunci, Inna kuma ba za ta yafe mini tonon silili ba. Na tashi hannu wofi. Da magariba aka kawo mana sakwara da kaza.

Da safe Iya ta shigo da kanta, ɗauke da kula mafi kyau a gidan. Ta cika alkawari, ƙurungu ne. Ta zare masa ƙaya tas, ta soya shi ƙarau, ta nutsa shi cikin jar miya mai kori da dunƙule da mai har yana iyo. Ba daddawa, don kada warinta ya dami baƙi. Tun asuba take aikinsa, ga ƙunar mai a bayan hannunta. Ta tsaya tana jira.

Inna ta gutsiri tuwo, ta dangwala, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Allah shi yi albarka."

Ta ƙara loma ɗaya saboda Iya na tsaye, sannan ta nemi ruwan wanke hannu.

Kawu ya cika mana bayan mota da tsaraba: buhun shinkafa, albasa, da kaji masu rai an ɗaure musu ƙafa. Muka bar gari suna ta kuka a bayanmu. Raina a ɓace, na tsura wa hanya ido. Sai Inna ce ta yi magana, idonta a kan taga.

"Ta jiya ita ta miyar," ta ce. "Kullum da la’asar ina jin ƙamshinta ta tagar ɗakin nan. Hannun matar ga kamar na tsohuwarmu."

"Inna, kina ji kika yi shiru?"

"Ina jira wani shi ce, Yaya, taso ki zo cikin gida mu ci." Ta gyara mayafinta. "Sun girmama mu ƙwarai. Ba a taɓa yi min baƙunta irin wagga ba."

Ta ce wa direba ya sauke gilashi kafin mu rabu da ruwa. Ya sauke.

Inna ba ta kai damina ba. Da Kawu da Iya suka zo ta’aziyya, kajin nan na Yelwa su na sa aka yanka musu, domin baƙi ne, sun sha hanya, ban kuma san wani abin da ake yi wa baƙo ba. Da za su tafi Iya ta ja ni gefe, ta miƙo mini wani kwali a ɗaure da igiya, warin banda yana fitowa ta kusurwoyinsa.

"Ƙurungu na," ta ce a hankali. "Ba na baƙi ba na. Na gida na, ku sa ma miya."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Na kai shi ɗakin Inna na ajiye, don ban san inda zan kai shi ba.