Tsohon da Ke Ɗinka Zakara

Kowace Asabar mata kan taru a ɗakin karatu na garin Mirhorod, su shimfiɗa dogon farin ƙyallen da ake kira rushnik, duk wadda yaƙi ya koro ta yi surfanin ƙauyensu a kai. Yau akwai namiji a cikinsu, wani tsoho da ban san sunansa ba. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, da gani ta taimako ce. Yatsunsa kaurara ne, duk sun faffashe, irin na wanda ya tsufa a kan tarakta.

Zakara yake ɗinkawa da jan zare da baƙi, yana cije da leɓe.

"Kawu, wannan zakara ne ko agwagwa?" in ji Odarka, mai raba zare. Mata suka kwashe da dariya.

Bai ɗago ba. "Matata ce gwanar. Ni nawa kallo ne, ina jiran a sauke miyar borsh."

"To, ka kawo mana ita mana!" in ji Odarka.

"Tana can. Ni na binne ta da hannuna, a gindin bishiyar tuffar da ke bayan gidanmu."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ina jin ko zanenta ɗaya bai samu ya fito da shi ba. Ya daɗe yana duban zakaran, sannan ya sa tsinin allura yana warware wutsiyar.

"Ba haka take yin ta ba," in ji shi. "Sama take lanƙwasa ta, ko ƙasa?"

Yana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu 'yar ƙauyensu ko ɗaya a ɗakin.