Iyakar da ta ratsa gidan Dorcas

Gidan Dorcas Pennifold ƙafa biyu gare shi: kicin a ƙasar Fernby, falo a ƙasar Harlcote. Tun kaka da kakanni iyakar ƙauyukan nan ke gangarowa daga tudun tumaki, ta tsallake rafi, ta shigo mata ta ƙofa, ta fice ta tagar kicin. Shi ya sa duk shekara, da ciyawa ta yi kore, sai mutanen cocin Fernby masu zagayen iyaka sun ratsa gidan da tsumagunsu, suna dukan kowace alama don kada a manta. A tagar nan Wilf ya taɓa maƙalewa yana saurayi. Dorcas ta tura shi waje da tsintsiya, daga baya ta aure shi. Yanzu yana kwance a maƙabartar cocin Fernby, an bar mata fili a gefensa.

Da gwiwa ta hana ta hawa bene, ɗanta Clive ya sauko mata da gado falo. Shi a ganinsa gata ya yi mata.

"Ka mai da ni 'yar Harlcote," in ji ta.

"Haba Mama, falonki ne fa."

"Inda mutum ke kwana, nan ne garinsa. In na cika a nan 'yan Harlcote za su ɗauke ni, ubanka ya yi ta jira."

Clive ya yi dariya, ya ce ai kicin ba wurin gado ba ne.

Ranar zagaye jama'a suka iso, limamin coci a gaba, suka tarar ta kulle tagar kicin ta haye gado, makulli a hannu.

"Dorcas, tsufa ne ko rigima?" in ji Bertram, tsoho mai kaɗa ƙararrawar coci.

"Kai da ko tagar ba ka iya shiga saboda tumbi? Aje tsumagiyar, ka kama nan. Ba mai fita sai an mai da ni gida."

Liman ya fara cewa ba wanda zai hana a binne ta kusa da mijinta, sai ya dubi fuskarta, ya naɗe hannun riga. Suka ciccɓi gadon da ita a kai, Clive ma ya sa kafaɗa, aka dire ta gefen murhu.

Ta karɓi tsumagiyar Bertram, ta tsula wa dokin ƙofa, sannan ta miƙa makulli.

"To, a ɗora shayi. Mun iso Fernby."