Yadda Na Koyi Fito Saboda Karen Yayana

Cikin abubuwan da Allah Ya ƙaddara mini gani a tsawon rayuwata, akwai wani hunturu da ba zai gushe daga zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina. Shi ne hunturun da na zama mai yawo da kare, alhali gemuna ya yi fari kuma ina karantar da ɗalibai a zauren gidana a Aliero.

Yayana, Allah Ya jiƙansa, manomi ne a wajen Kuberi, yana da gona da 'yan tumaki, da wani jan kare da ke tsaron su. A farkon sanyin shekarar ya faɗi da babur a kan hanyar Jega, ƙashin ƙaurinsa ya karye. Aka ɗauko shi a mota zuwa garinmu domin ɗori, aka sauke shi a gidana. Karen ya bi motar da gudu har direba ya tausaya masa, ya tsaya aka ɗora shi. Haka na sami baƙi biyu, ɗaya a ɗakin kusa da zaure, ɗaya ɗaure a bayan gida.

Maɗorin da ya ɗaure ƙafar ya yi mana gargaɗi ƙarara: kada majinyaci ya taka ta, kada ya ja jiki, domin idan ƙashin ya goce to sai dai a sake karya shi, ko kuwa mutum ya ƙare rayuwarsa da ɗingishi.

Ban gaza wa karen ba gwargwadon sanina. Na sa an shimfiɗa masa buhunan albasa, an kange masa iska da zana, ana kai masa tuwo da ɗuminsa. Amma kullum sai ya ƙara lafewa. Ya daina haushi, ya daina ɗaga kai, daga baya ya daina cin abinci. Sanyi kuwa ya tsananta har ruwan alwala sai an ɗumama. Na ɗauka ciwo ne ya kama shi, na faɗa wa yayana haka.

Ya ce, "Ba ciwo na ba, Malam, zama na. Karen da ya saba zagaya gona tun da sassafe, in anka ɗaure shi cikin sanyi, mutuwa zai yi a kwance. Gudu shi ne bargonai."

Na ce, "Yaya, ka kula da ƙafarka tukuna, kare zai warware."

Na ɗauka ya yarda. Washegari da hantsi, na tashi daga karatu na shigo gida, sai na tarar da shi a tsakar gida, yana jan gindi a ƙasa, ƙafar da aka ɗaure tana biye da shi, gumi na zuba a fuskarsa duk da wannan sanyi. Bayan gida ya nufa. Na yi salati, na riƙe kafaɗunsa.

"Yaya, ina za ka? So kake ka gurgunce?"

"In ba mai tahiya da shi, ni in tahi. Amana ta, ba ni barin ta ta mutu ina kallo."

Na san halinsa tun muna yara. Abin da ya faɗa zai aikata. A nan na gane cewa ƙafarsa tana rataye da lafiyar wannan kare. Na yi masa alkawari, a gaban iyalina, cewa ni da kaina zan riƙa fita da shi kowace safiya, da sharaɗin ba zai sake motsawa daga shimfiɗa ba. Ta fuskar hukunci ban da wata damuwa. Kare na tsaron gona da dabbobi halal ne a riƙe shi, kuma a mazhabarmu jikinsa ba najasa ba ne. Abin da ya yi mini nauyi shi ne idon mutane.

Sai dai wata matsala ta ɓullo wadda ban yi zatonta ba. Na kwance igiya, na kira karen, na tafa hannu, na ja shi, ko kunne bai motsa ba. Ashe yayana bai taɓa raɗa masa suna ba. Da fito yake kiran sa, wani fito mai hawa sannan ya karye a ƙarshe, kuma karen bai san wani kira ba sai shi. Yayana kuwa, saboda leɓensa da ya fashe a faɗuwar, ba ya iya yin sa da ƙarfin da zai kai bayan gida. Ni kuma na yi shekara da shekaru ina hana ɗalibaina fito, ina ce musu ba ɗabi'ar masu kamala ba ce.

Na zauna a gefen shimfiɗarsa, ya zama malami, na zama ɗalibi. Ya ce in naɗe harshe, in tsuke baki. Na hura, iska kawai ta fita. Ya yi dariya har ƙafar ta yi masa zafi.

"Malam, wanga ai hura koko kake! Duk karatun nan, harshenka bai iya lanƙwasawa ba?"

Na yi ta maimaitawa kamar yadda nake sa ɗalibi ya maimaita harafin da ya gagare shi, har sautin ya fara kama da nasa. Na zagaya baya, na duba ba kowa, na yi fiton. Karen ya ɗaga kunne, ya miƙe yana rawar jiki, ya dube ni kamar mai tambayar inda na samo wannan murya. Sannan ya biyo ni.

Daga ranar, da zarar rana ta ɗan ɗaga, sai in yafa mayafina mu gangara fadama. Yayana ya tsara mini kome. In bi da shi ta bakin fangalin albasa, kada ya taka shukar mutane. In jefa masa ƙwallon goruba ya ɗauko. In ɓoye ɗan busasshen kifi cikin tarin karan dawa, in bar shi ya nemo da hancinsa, domin a cewarsa hancin kare ma yana son aiki kamar ƙafafunsa. Ranar da iska ta yi tsanani har fita ta gagara, sai mu yi ja-in-ja da tsohuwar igiya a bayan gida har jikinsa ya ɗauki zafi, nawa ma haka.

Mutane ba su bar ni ba. Wani taubashina mai noman albasa ya hango ni ina fito, ya jefar da fartanya ya riƙe ciki.

"La ilaha illallahu! Malam, an koma farauta? In ka kamo zomo, cinya tawa ta!"

Na ce masa, "Kai dai riƙe albasarka, ita ma ba ta fi karen ƙamshi ba."

Ɗalibaina kuwa ba su yi dariya a gabana ba, amma wani babba daga cikinsu ya tambaye ni cikin ladabi ko hukuncin fito ya canja. Na amsa masa cewa fiton banza yana nan inda yake, wannan kuwa kira ne ga wanda ba ya jin wani harshe.

Karen ya koma cin abinci, gashinsa ya kwanta, haushinsa ya dawo. Kullum muka dawo sai in kai shi bakin ƙofar ɗaki, yayana ya duba tafukansa. Idan ya ga laka ta fadama a jiki, sai ya gyara kwanciya ya yi barci. Bai sake yunƙurin tashi ba har ranar da maɗori ya kwance ƙafar, ya shafa ta, ya ce ƙashi ya haɗu daidai. Sanyi na ƙarewa ya koma Kuberi yana takawa da ƙafafunsa biyu.

Na daɗe da sanin cewa za a tambayi mutum game da dabbar da ya tsare, amma a zatona ci da sha da makwanci su ne iyakar haƙƙinta. Wannan hunturu ya koya mini cewa Allah Ya halicci kowane mai rai da wani aiki da jikinsa ke nema, kuma hana shi wannan aiki wani nau'in yunwa ne. Ya kuma koya mini cewa girman da zai hana mutum sauke haƙƙi, ko na ɗan'uwa ko na kare, bai cancanci a tsare shi ba.