Juma'ar da Kwamfutar Baba Akawu Ta Ƙi Buɗewa

Duk wanda ya taɓa zuwa gidanmu na Ƙofar Marusa ranar Juma'a ya san ba a sa hannu a tuwo sai kakanmu Baba Akawu ya canza makullin kwamfutarshi. Makulli yake ce ma kalmar sirrin nan da ake bugawa kafin ta buɗe. Yana dawowa daga masallaci zai kafe mashin ɗinshi a zaure, ya shige ɗaki, ya kore mu kaf, har kyanwa. Sai ya yafa hannun babbar riga bisa yatsunshi, ya buga tsohon makulli ya shiga, ya saka sabo. Mu kuma muna tsakar gida, miya na sandarewa.

Bai taɓa rubuta shi a takarda ba, ko sau ɗaya. Kun dai san dalili, don ya sha faɗa. Mahaifinshi ya ruɗe da tsufa, har sai da aka riƙa kulle mashi ƙofa don kada ya fita ya ɓace, kuma Baba ba abin da yake tsoro a duniya kamar ya gaji wannan. Yakan ce, "Likita na auna jini, ni wannan ne awon kaina. Ranar da na buga ta ƙi buɗewa, ku amshe makullin mashin, kada ku tsaya jin ta bakina."

Ni Binta, ɗiyar ɗiyarshi, wadda yake ce ma Amarya, akwai abin da na yi mashi game da awon kan nan wanda ban taɓa gaya maku ba. Zan faɗa yau. Amma ku bar ni in ɗan kewaya tukuna, bakina ya yi nauyi.

Kun tuna yadda yake magana da kwamfutar? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana buga tafireta a sakatariya, shi a wurinshi kwamfutar ƙaramar ma'aikaciya ce aka turo mashi, marar tarbiyya. Ranar da na buɗe mashi imel, ya buga kalmarshi, sai ta fito da ɗan akwati tana tambaya ko ta adana mashi don kada ya sha wahala gobe. Ya gyara tabarau, ya karanta, ya dube ni.

"Amarya, me take cewa?"

"Cewa ta yi ko ta riƙe maka makullin."

"Ikon Allah! Wa ya aike ta? Ce mata na yi na gaji?"

"Angona, taimako ne fa."

"Taimako! Yau ta riƙe mani makulli, gobe ta riƙe mani mazagin wando. Ce mata a'a."

Na danna a'a. Ya ce in sake dannawa don ta ji da kyau.

Sai maƙwabcinmu Mista Bitrus, mutumin Filato, abokin aikinshi tun suna samari. Bawan Allahn nan rubuta nashi yake a 'yar takarda ya manna a gindin kwamfuta. Da Baba ya gani sai da ya yi salati. Ya ce, "Bitrus, ka kulle gida ka rataye makulli a bakin ƙofa, ai gara ka rubuta ma ɓarawo barka da zuwa!" Ya ɓalle takardar, ya karanta sau ɗaya, ya yayyage ta. Daga ranar Baba ya zama ma'ajin Bitrus. Sai ka ji matarshi ta leƙo ta katanga tana kira, "Baba Akawu, dan Allah mene ne na maigidan? Ya manta kuma!" Shi ko ya ce, "Madam, ba a faɗar sirri ta katanga. Ya zagayo da ƙafarshi." Haka Bitrus zai zagayo, tsofai-tsofai da shi, ya duƙa a raɗa mashi kalmarshi a kunne.

Wata rana Kawu Sani, babban ɗanshi, ya gaji da jiran tuwo. Ya ce, "Wai Baba, me ke cikin kwamfutar nan da ake ma wannan tsaro? Ko rijiyar mai gare ka ba mu sani ba?" Baba bai yi gardama ba, ya buɗe mashi. Wallahi ba kome a ciki sai wasiƙun ƙorafi a kan kwatar layinmu, an tsara su tsaf da adireshi da kwanan wata, ba ko ɗaya da ya taɓa aikawa. Sai wasan karta.

Kawu ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To a kan wannan muke cin tuwo da sanyi?"

Baba ya ce, "Sani, ko ba hatsi a rumbu ana rufe shi, don kada awaki su raina maigida."

To, na ida kewaye-kewayen.

Kun san wasan jika da kaka. Ni da Baba kullum cikin tsiya muke. In ce mashi ya tsufa zan nemi saurayi, ya ce mani ko miya ban iya ba, wa zai kwasa. Da na gama karatun kwamfuta sai ya samu sabon abin tsokana. Duk wanda ya shigo sai ya nuna ni ya ce, "Ga injiniya nan, shekara huɗu tana karatu, amma ƙofar tsoho ta gagare ta." Abin ya riƙa cina. Na ce a raina, tsohon nan sai na nuna mashi iyakarshi.

Wata Juma'a, yana tada mashin ya tafi masallaci, na shiga ɗakinshi da filash ɗina, ɗan abin nan da ake soka ma kwamfuta. Abu ne da ake koya mana don taimakon wanda ya manta kalmarshi: ka tada kwamfutar ta cikin filash, ka goge tsohuwar kalma, ka saka wata. Kafin a tada salla na gama. Na rufe ta, na mayar da ƙyallenta yadda yake rufawa. Niyyata, na rantse da Allah, ya buga sau ɗaya ta ƙi, in faɗo ɗakin ina rangaɗa guɗa, in ce sai ya yarda na fi shi sannan in buɗe.

Ya dawo, ya kore mu kamar kullum. Na laɓe bayan labule ina toshe baki don dariya. Ya buga, ta ƙi. Ya yi tsaki ya ce mata, "Ke, ban son iskanci." Ya sake bugawa, ta ƙi. Sai na ga ya janye hannun rigar, abin da bai taɓa yi ba, ya dubi yatsunshi, ya buga a hankali da yatsa ɗaya, baƙi bayan baƙi. Ta ƙi.

Ya ɗora hannuwanshi bisa gwiwa. Lokacin ya kamata in shiga. Amma ban shiga ba, don ban taɓa ganin fuskarshi haka ba. Ina nan tsaye ya ɗaga murya ya kira Kawu Sani, ya laluba aljihu, ya miƙa mashi makullin mashin. Ya ce, "Ranar ta zo."

Gida ya cika. Ummata na kuka. Kawu, wanda dama ya daɗe yana son a raba Baba da hawa titi, yana cewa ai rahama ce da aka gane da wuri. Mista Bitrus ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Sai wani ya ce, "Ina Binta? Ai ita ta karanta abin nan." Aka tura ni gaba. Na zauna na yi 'yan danne-danne na ƙarya, na buga kalmar da ni na saka, ta buɗe. Aka hau sa mani albarka. Baba ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi maki albarka, Amarya. Cire makullin gaba ɗaya, bar ta a buɗe." Na cire. Na ce gobe zan gaya mashi, in mutane sun watse.

Goben nan wata huɗu ta yi.

Kun ga abin da ya biyo baya da idonku. Aka ba da mashin ƙauye. Baba ya koma zaman zaure. Mutane suka fara yi mashi magana da ƙarfi, a hankali, kamar yaro: "Baba, ka gane ni kuwa?" Da farko yakan ce, "Na gane ka, har ubanka na gane." Daga baya sai ya riƙa amsawa da ladabi. In ya nemi tabarau bai gani ba, a kalli juna. Bitrus ya daina zagayowa tambaya don kada ya kunyata shi, ya koma manna takarda. Ni ko na ɗauke ƙafa daga gidan, na ce aiki ya yi mani yawa. Ƙarya nake, ido ne ban iya haɗawa da shi.

Ran nan da la'asar na iske shi shi kaɗai a zaure. Ban shirya ba. Na durƙusa kawai na faɗa mashi duka, ina kuka, majina har baki. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ke nan daidai na buga?"

"Daidai ka buga, Baba."

"Duka ukun?"

"Duka ukun."

Ya ce, "Tsamiya, da babban baƙi a farko, sai bakwai, uku, tara, sai alamar tambaya. Bayan kowace salla sai na biya ta, ina neman inda na kauce." Ya share ido da hannun riga, ya ce alhamdulillahi ya fi sau biyar. Sannan ya nuna ni da sanda. "Ja'ira. Na sake ki, saki uku, ba kome."

Na ce zan tara kowa in faɗa. Ya ce a'a. "Sani zai ci mutuncin uwarki a kanki, mashin kuma ya riga ya tafi, ƙafafun ma sun saba da zama. Bari sai na mutu. Amma ki faɗa da bakinki, Binta. Kada a bar ni da sunan wanda ya ruɗe."

Bai ƙara wata biyu ba. A zaman makoki ina raba ruwa na ji mata na cewa, "Ai dama ya ɗan ruɗe a ƙarshe, Allah sarki, gado ne." Ina ji, na wuce da butar. Kunya ta sake rufe mani baki, aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, ban ce uffan ba.

To yau na faɗa. Kawu Sani, Umma, Mista Bitrus, da duk wanda ya taɓa tambayar shi ko ya gane shi: Baba Akawu bai ruɗe ba. Da hankalinshi garau ya koma ga Ubangijinshi. Ni na ruɗa shi, kuma duk abin da za ku ce mani na cancanta.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mashi kamar yadda ya yafe mani ban ida roƙo ba. Allah ya sa da aka tambaye shi a kabari ya amsa daidai tun karon farko, kuma aka yarda da shi. Amin.