Layin Ranar Dawowa

Wallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ina akawu a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Karaye, aka kawo mana kwamfuta, aka ce ni zan riƙa zuba sunayen marasa lafiya, alhali ni ɗin ma koyon kwana uku aka yi mini. Jadawali ne a cikin kwamfutar, kowane layin tsaye da sunansa a sama: suna, gari, ciwo, sai na ƙarshe, Ranar Dawowa, wato ranar da likita ya ce mutum ya komo.

Rannan shugabanmu ya ce daga Kano ana son layin waɗanda suka rasu. Ni kuwa ban iya ƙara layi ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya, sai kawai na goge Ranar Dawowa na rubuta Ranar Rasuwa. Kaico! Na manta mutum bakwai suna da kwanan wata a ciki, cikinsu har da Innata mai hawan jini.

Na farko wani dattijo ne daga Yammedi. Ranar da aka rubuta masa, ɗansa ya zo ya ce an yi jana'izarsa da hantsi. Na ce ajali. Ta biyu ma ranarta ba ta kuskure ba. Na mayar da tsohon sunan, washegari da aka tayar da janareta sai ga Ranar Rasuwa ta dawo. Na goge kwanan watan Inna ya fi a ƙirga, yana komowa.

Na garzaya wajen malaminmu a Rogo ina kuka, ya ce, "Ɗana, inji ba ya kashe kowa. Wataƙila dai an nuna maka ne."

Ranar Alhamis ɗin da aka rubuta wa Inna na ƙi zuwa aiki, na tare a gabanta. Tana ɓarar gyaɗa tana tsokanata, wai yau gwamnati ta kore ni ne? Bayan la'asar ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Ba ta tashi ba.

Jama'a, abin da kuka tarar da sunansa ku bar shi, abin da ba ku iya ba ku tambaya. Ni ma na taɓa karɓar maganin zazzaɓi a asibitin, gurbina a wannan layin babu komai. Ranar da zan ajiye aikin na leƙa, na tarar an cike shi. Shekarar kawai na gani na kashe injin, kuma ta kusa.