Baba Tsit, Mai Ajiyar Shirun Ɗakuna

Kafin masu shara su gama da barandar sashen shirya finafinai na jami'a, Baba Tsit ya riga ya jingine babur ɗinsa ya buɗe ɗakin ɗaukar murya. Aikinsa na farko kullum farautar ƙara ne. Zai kashe fanka, ya cire wa agogon bango batir, ya cusa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa, sannan ya tsaya tsakiyar ɗaki ya rufe ido. In ya ji wani abu yana zuuu, wallahi ba zai zauna ba sai ya gano shi.

Shi ne mai ɗaukar sauti na finafinan da sashen ke yi a kan binciken malamai. A tara likita da masanin kimiyya da malamin tarihi a tebur ɗaya su yi ta muhawara, ko a bi su gidajen mutanen da binciken ya shafa, Baba Tsit yana gefe, ya ɗaga sandar makirfo har kafaɗa ta sage. Sunansa yana fitowa can ƙarshen fim, lokacin da 'yan kallo suka miƙe suna neman ƙofa. A watan nan yake ajiye aiki, kunnensa na hagu ya fara yi masa gardama. Shi ya sa muka ce yabon gwani ya zama dole.

Laƙabin ya samo shi ne daga ɗabi'arsa. Da an gama ɗaukar hira, kowa yana shirin tashi, sai ya ɗaga hannu: "Don Allah kowa ya zauna yadda yake. A ba ni minti ɗaya, tsit." Ya ce kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi mai tace fim ke like wuraren da ya yanke, don kada kunne ya ji tabon. To, ka hana farfesa magana na minti guda, ai ka ɗauko dutse! Waɗanda suka halarta sun ba mu labarin ranar da wani likita da malamar tarihi suka kusa ba hammata iska a kan dalilin da ya sa mutane ke gudun asibiti. Baba Tsit ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Da mintin ya cika, malamar ta gyara zama ta ce, "Likita, maimaita mini abin da ka faɗa ɗazu, ban saurara ba." Hirar da suka yi bayan nan ita ce ta shiga fim.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai na Inna Mai Ɗinki ne.

Shekarun baya an yi fim a kan masu jinyar masu ciwon suga, aka je gidanta. Mijinta ne mai ciwon, tsohon mai aski, ya ce shi fa ba za a ɗauke shi ba. "Ni mai riƙe wa mutane madubi ne, ba mai kallonsa ba," in ji shi, ya ja kujera gefe. Firjin falon yana gurnani, dole a kashe shi, ga kuma allurar maigidan a ciki. Baba Tsit ya zare makullin babur ɗinsa ya ajiye kusa da allurar, ya rufe ƙofa.

"Makulli kuma a firji?" in ji Inna.

"Inna, ina iya mantawa in tafi ban kunna ba. Amma ba na iya tafiya babu makulli."

Inna ta yi magana ranar, kai, ta yi magana! Yadda take auna masa abinci, yadda take duba ƙafarsa, yadda yake ɓoye alewa a aljihu. Da ta kai aya, Baba Tsit ya ɗaga hannu. Aka yi tsit. Ba a je ko'ina ba sai murya ta fito daga gefe: "Bawan Allah, shekara da shekaru ina neman matar nan ta yi shiru ban samu ba, kai da ɗaga hannu ɗaya ka samu? Koya mini!" Falo ya kece da dariya, shi ma mai askin yana ƙyaƙyatawa har da tari. Mintin ya lalace, aka sake wani.

Bara sai ga Inna a ƙofar sashen, ta rame, bakin nan ya mutu. Maigidan ya rasu. Ta zauna a bakin kujera ta ce, "Fuskarsa ina da hoto. Muryarsa ce take guduwa daga kunnena. Jiya na so in tuna yadda yake kirana, na kasa. Na kalli fim ɗinku a wayar 'yata har na haddace, babu shi ko tari."

Mai shirya fim ɗin ta riƙe hannunta ta gaya mata gaskiya: maigidan bai yarda a ɗauke shi ba, kuma a lokacin shirun an riga an kashe kyamara. Inna ta gyaɗa kai, ta fara laluben jakarta.

Baba Tsit yana gefe yana jin su. Ya san bai taɓa goge shirun wani ɗaki ba, har wanda ya lalace. Amma na'urar da yake ajiye sautin a ciki ta tsufa, ta daɗe a kabad, kuma ba ya son ya sa wa baiwar Allah rai a banza. Ya ce, "Inna, a kawo miki ruwa, ki ɗan huta." Ya jona na'urar, ta yi ƙas-ƙas ta ƙi. Ya canja waya, ya hura mahaɗin, ya yi bisimilla. Ta tashi. Ya juyar da abin sauraro zuwa kunnensa mai lafiya, yana bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya: ɗakin gwaji, ɗakin karatu, ofishin likita. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

Ya ɗora mata abin sauraron a kan ɗankwali. Da fari babu komai sai shirun falonta. Sai ga muryar maigidan, idonta ya buɗe, ta dafe ƙirji. Ta yi dariya, hawaye suna bin dariyar, ta yi masa alama da yatsa ya sake. Ya sake. Matar da ba a iya tsayar da bakinta ta zauna ba ta ce uffan ba, har aka maimaita ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe ta share fuska da gefen mayafi ta ce a hankali, "To maigida, yau dai ka samu."

Baba Tsit, kai ne ka tsaya a gefe hannunka sama, malamai suka yi suna da muryoyin da ka tsabtace. Kai ne ba ka raina ko mintin da ya lalace ba. Kunnen jama'a, mun gode. Allah ya huta gajiya, ya bar maka kunnen daman lafiya lau, ya sa kai ma a saurare ka ranar da kake buƙata.

Ku kuma masu tasowa, 'yan kyamara da 'yan bincike, ku koyi ɗaga hannun nan. Ku saurari wanda ya ja kujera gefe, kuma kada ku yi saurin gogewa. Inna ta aiko a gaya wa Baba Tsit cewa daga sautin da ya kwafa mata jikokinta sun haddace maganar kakansu, duk sanda ta fara faɗa sai su ɗaga mata hannu.