Sa'adatu, wadda ta sa makafi a cikin masu karatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina zaune a zaure bayan la'asar, portabul ɗina, wato wayar hannu, ta yi ƙara. Na shafa ta, muryar da ke karanta mani saƙonni ta sanar da ni cewa Allah ya yi wa Sa'adatu rasuwa a asibiti a Maradi, bayan gajeriyar jinya, kuma ana hanyar kawo ta Dakoro. Na sa muryar ta maimaita, ko kunnena ne ya ruɗe ni. Abin da na ji da farko shi na sake ji.

Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta. Ciwon suga ya tafi da ganina bayan na ajiye aiki. Sa'adatu kuwa ita ke kula da shafin intanet na ƙaramin gidan rediyon garinmu, inda ake sa sanarwar haihuwa da rasuwa, farashin hatsi a kasuwar Kornaka, da ranakun allurar dabbobi.

Baƙin ciki ne ya fara haɗa mu. Wani aminina na Ɗan Gulbi ya rasu, aka ɗauki hoton takardar sanarwar aka ɗora a shafin. Da na zo kanta, portabul ta ce mani "hoto", ta yi shiru. Sai da aka yi sadakar uku na ji labari a bakin wani mai shago. Na ɗauki sandata na tafi gidan rediyon raina a ɓace, na faɗi maganganu masu zafi. Sa'adatu ba ta kare kanta ba. Ta jawo mani kujera ta ce, "Baba Mushe, zamna ka gwada mani mi wayarka ke cewa in ta zo shafinmu."

Na kunna mata. Hoto, hoto, hoto. Sai na ji tana jan hanci.

Daga ranar ba ta ƙara sa sanarwa ba sai ta buga ta da rubutun da waya ke iya karantawa. Kowane hoto ta rubuta abin da ke cikinsa: wane ne, ina yake, me yake yi. Da muka lura muryar wayar tana karanta Hausa da harshen Faransanci, tana tsallake haruffa masu ƙugiya har magana ta rikice, sai ta riƙa ɗaukar labarin da muryarta tana haɗawa. Takan yi shi gajere, domin ta san wahalar rezo, wato sabis na waya, a ƙauyukan Korahane. Ta mai da ni abokin aiki ba tare da takarda ba. Kafin ta saki labari takan turo mani. In abokan aikinta suka ƙosa, sai ta ce, "In Mushe bai ji ba, ba mu buga ba tukuna."

Ba makafi kaɗai ta duba ba. Akwai Mariyama, tela ce kurma a unguwarsu, wadda ta yi karatu har ta iya rubutu. Saboda ita Sa'adatu ke zama tana rubuta duk maganar da aka yi cikin bidiyo a ƙarƙashinsa. Aiki ne mai cin rai, kuma ba wanda ya sa ta. Ta ƙara girman haruffa domin tsofaffin da ganinsu ya yi rauni. Ba kullum take dacewa ba. An sha samun ranar da aiki ya yi mata yawa hoto ya fita babu bayani, in kira ta in yi mita, ta yi dariya ta ce, "Ka kama ni, Baba."

Wata rana na yi mata godiya a gaban mutane, na kira abin da take yi taimako. Ta bari aka watse, ta ce mani a hankali, "Kar ka ƙara cewa taimako. Ku ma masu karatunmu ne. Aikinmu ne da bai cika ba muke cikawa."

Ko da ciwo ya kwantar da ita, ta tara matasan da ke aiki da ita a gefen gadonta ta koya masu yadda take yi. Na je gaishe ta kafin a wuce da ita Maradi. Muryarta ta shige ciki, amma ta tambaye ni ko labaran makon sun iso mani daidai. Na ce sun iso. Ta ce, "To, alhamdu lillahi."

A wurin zaman makoki an zaunar da ni kusa da ƙofar da mata ke shiga. Wata ta tsaya ta kama hannun rigata ta riƙe. Aka ce mani Mariyama ce. Ni ba na ganinta, ita ba ta jin abin da zan ce. Muka tsaya haka muna kuka.

Ya Allah, ka jiƙan Sa'adatu, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba mahaifiyarta da maigidanta haƙurin wannan rashi. Ƴaƴanta ƙanana da ta bari, ka raya su cikin imani, ka haɗa su da masu tausaya masu kamar yadda uwarsu ta tausaya mana. In tamu ta zo, ka sa mu cika da kyau. Amin.